Jinin Mariyama Ya Tafi Yamai

Gangara, 24 ga Oktoba, 2010

Zuwa ga Yaya Sakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin labo, wurin awon jinin nan naku. Ina gajiyar birni? Mu nan lafiya lau, an gama yankan gero, bana kam Allah ya rufa asiri, ba irin bara ba. Inna tana gaishe ki, ta ce in kun yi waya da Kawu, babanki, ki ce ƙanwarsa tana fushi, ya manta da ita. Kaka ƙafar nan ce dai har yanzu. Ni kuma na shiga ajin ƙarshe a kwaleji, sai jarrabawa in Allah ya kai mu.

Kin san ba ni iya magana a waya. Wayar gidanmu ɗaya ce, tana aljihun Baba, in aka miƙo mini kowa sai ya zuba mini ido, in ce "lafiya lau" in mayar. Shi ya sa na yago takarda daga kaye, littafin da nake rubuta lissafi. Alhassan direba zai kai ta Maradi ya ba masu kar, manyan motocin nan na Yamai.

Yaya, na ce lafiya lau, amma ba lafiya ba. Mariyama ce, autarmu. Kwana goma sha biyar ke nan da aka yaye ta. Ran Larabar waccan da hantsi Goggo Adama ta kawo nono kamar kullum, kin tuna ta, matar Jaye, Bafillatanin da shanun Baba ke hannunsa. Inna ta dama fura, Mariyama ta sha. Ba a jima ba leɓenta ya kumbura, idanunta suka rufe, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, numfashinta yana fito kamar an busa kara. Baba ya ɗauke ta a babur sai wajen majo, mai kula da ɗakin shan maganin garinmu, aka yi mata allura. Kafin la'asar ta sauka, har ta nemi wasa.

Ita ta warke, gidan ne bai warke ba. Kaka ta ce, "Kwana huɗu tana shan nonon ga ba abin da ya same ta. Ran na biyar mi aka zuba a ciki?" Sai kowa ya tuna da damina, da shanun Jaye suka shiga waken Baba har aka je gaban maigari aka yi baƙaƙen maganganu. Yanzu Baba ya ce zai karɓe shanunsa, kuma in an saki gonaki don kiwo ƙarshen Disamba su Jaye ba za su sauka gonarmu ba. Shekara ashirin suna sauka nan, Yaya. A gonarmu Goggo Adama ta haifi 'ya'yanta uku. Ita ta huda mini kunne.

Maganar ta fita gari. Ranar kasuwa na gan ta gindin bishiyar bedi da ƙwaryarta cike, mata suna wucewa suna kauda kai. In mu muka kore su, wa zai ba su wurin sauka da wannan suna?

Majo ya ce borin jini ne, wai akwai jikin da ba ya shiri da wani abinci, ko da abincin lafiyayye ne. Ya ce a birni ana auna jini a gano. Ba wanda ya saurare shi sai Inna. Ita ta ce in tambaye ki. In jinin ya nuna jikin Mariyama ne ba ya son nono, ai kin ga ba laifin kowa.

Ba na iya karatu kwanan nan. In na buɗe littafi sai in tarar na karanta shafi ɗaya sau uku. Ki taimaka ki amsa da wuri.

Ƙanwarki,
Fadila

Ƙari: Wai in an auna jini, yana nuna duk abin da mutum ya ci? Yana nuna wanda ya ba shi? Don lakol nake tambaya, aikin makaranta ne.

*

Yamai, 3 ga Nuwamba, 2010

Fadila 'yar Goggona,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin man mota. Muna lafiya, sai zafi da layin ƙuri'a, har yau yatsana da baƙin tawada. Ki gaida Goggona, wato Innarki, da Baba, ki ce wa Kaka ta rage yawo ƙafa ta huta.

Ashe Malama mai littafi ta iya rubuta abin da ba soyayya ba! Na ɗauka zan buɗe in ga "ya ke farin watan zuciyata."

To ga magana. Abin da majo ya faɗa gaskiya ne, mu a nan alerji muke ce masa. Jikin wani yana ɗaukar abinci kamar abokin gaba, sai ya tanadi makamai a cikin jini don yaƙarsa. Makaman nan muke nema. Yara ana yi musu, manya ma ana yi, makon jiya ma wani alhaji mai furfura aka gano kifi ne ke tayar masa da ƙuraje shekara da shekaru. Ba sai an hana ta abinci ba kafin a ɗiba, ba kuma sai tana cikin kumburin ba.

Ba sai kun zo Yamai ba. Na saka wata takarda cikin wannan, ku kai Mariyama Maradi wajen ƙawata, sunanta da kwatancen wurin suna jiki. Za ta ɗibi jini kaɗan ta aiko mana cikin ƙanƙara. Mu ma ba nan muke gamawa ba, jirgi ke fita da shi waje, sai kamar mako uku. Na yi waya da Baba, da ƙyar ya yarda zai jira. Goggona ta ce ran nan ba abin da yarinyar ta ci sai fura da nono, don haka nonon saniya likitanmu ya rubuta a duba.

Tambayarki ta lakol kuwa, wane malami ne wannan? Kwantar da hankalinki, in dai abin yana cikin jinin, inji zai tono shi.

Ki riƙa cin abinci. An ce kin zama kamar karan dawa.

Yayarki,
Sakina

*

Gangara, 21 ga Nuwamba, 2010

Yaya Sakina,

Sallama da gaisuwa, da barka da Salla. Ina fatan kun ci nama lafiya. Mu ma mun yi lafiya, sai abin da zan faɗa miki a ƙasa.

Mun je Maradi kafin Salla, ni da Inna. Ni na riƙe Mariyama a cinya. Ta yi ihu har mai gadi ya leƙo. Ban taɓa ganin jini a kwalba ba, ashe baƙi-baƙi ne kamar zoɓon da ya kwana. Ƙawarki ta sa shi cikin wani inji mai juyawa, ya fito ya rabu biyu, sama ruwa rawaya. Ta rubuta suna ta sa a kula. Ina ta kallon kular nan har muka fita. A mota ina ta tunanin jinin ƙanwata zai hau jirgi, ni ko Zinder ban taɓa zuwa ba.

Washegarin Salla abin ya dawo. Maƙwabta suka aiko da tuwo da miyar taushe, Mariyama ta lashi miyar sau biyu ko uku, nan da nan bakinta ya tashi. Bai kai na farko ba, amma sai da aka koma wajen majo. Wata guda ke nan ko ɗigon nono bai shiga gidanmu ba. Na ce a raina to yau dai an wanke Goggo Adama. Ina! Kaka ta ce, "Kun gani ko? Abin da aka ba ta bai gama aiki ba." Ta sa aka yi hayaƙi har muna tari.

Ni na mayar da kwanon. Na tambayi 'yar gidan me suka sa a miyar, ta lissafo mini. Da ta faɗi wani abu guda sai da na dafa bango.

Shekaranjiya na haɗu da Goggo Adama a hanyar rijiya. Ta rame, Yaya. Ta ce, "Fadila, jam, lafiya? Yaya ɗiyata, ya warke?" Har yanzu ɗiyarta take ce wa Mariyama. Na ce "lafiya lau" na wuce da sauri kamar ana kirana. Na ji idonta a bayana har na sha kwana.

Layin nan naki na cewa inji zai tono shi, na karanta ya fi sau ashirin. Wani lokaci in ji tsoro, wani lokaci in ji sanyi. A littattafan da nake karantawa, in gaskiya ta ɓuya, yarinyar ba ta cewa komai, tana kuka ne kawai, sai a babin ƙarshe likita ya shigo da takarda a hannu ya faɗi komai, kowa ya yi shiru, a yafe wa juna. Ni ma shi nake jira. Saura kwana nawa?

Taki,
Fadila

*

Gangara, 8 ga Disamba, 2010

Yaya,

Gaisuwa. Kowa lafiya, Mariyama ma lafiya, ta koyi cewa "babur."

Mako uku ya wuce da kwana biyu. Kullum daga lakol sai in bi ta tasha. Motar Alhassan 'yan siyasa sun ɗauke ta, an ɗaura mata lasifika tana yawo ƙauyuka, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Wannan ma wani mai kai aya zan ba, ban san ko za ta same ki ba.

Ko kin ga sakamakon ne kika yi shiru? Ko kin ga wani abu a ciki da ya sa kike fushi da ni? In haka ne ki faɗa mini ni kaɗai tukuna, don Allah.

Baba ya sayi igiyoyi sababbi. Suna rataye a zaure. Duk wucewar da zan yi sai na gan su.

Fadila

*

Gangara, 15 ga Disamba, 2010

Yaya Sakina,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki kam muna da ita. Ki yi haƙuri da rubutun.

Takardar labo ta iso jiya, wani ɗan garinmu ya kawo, ya ce kin ba shi a tasha kina sauri, wasiƙa tana tafe. Baba ya kira majo ya karanta a ƙofar gida, mutane sun fi goma. Majo ya ce jinin Mariyama ba shi da faɗa da nonon saniya, ko kaɗan. Na saki numfashi. Ina jira ya juya takardar ya ci gaba. Sai ya ninke ta. Na ce a raina, ina sauran?

Kaka ce ta fara magana daga bayan zana. Ta ce, "To, madalla. Na faɗa an ce tsufa. Ga bature ma ya ce nono ba ya da laifi. Saura abin da aka zuba a cikinsa." Majo ya ce ba haka takardar ke nufi ba, amma wa ke jin sa? Wani ya ce a kai wa jandarma. Baba ya ce ba ya son jandarma, shanunsa kawai zai karɓo, su kuma su nemi wata gonar. Takardar da muka jira ta wanke Goggo Adama ita ce ta ƙarasa ta.

Yaya, ni ce.

Akwai wani Ridwanu da ke shimfiɗa littattafan Kano a kasuwa, kusa da teloli. Wajensa nake haya. Bai taɓa ce mini komai ba sai "An gama wancan?" ni kuma in ɗaga kai. Amma ran nan da na kwance takardar da ya naɗe mini littafi, sai na ga kantun riɗi a ciki, ɗan ƙarami, mai kusurwa huɗu. Ban ci ba. Na sa a akwati, kwana uku ina buɗewa ina kallo. Na yi ta tsara yadda ya tsaya gaban mai kantu yana zaɓe, yana tunanina. Har suna na sa wa 'ya'yanmu, kada ki yi dariya.

Ran Larabar nan Inna ta ba ni Mariyama. Na tafi da ita bayan rumbu inda nake ɓuya, saura shafi goma in gama littafin, ana gab da ɗaura auren da ba a so a ɗaura. Ita kuma tana ta kukan nono tana jan rigata. Kantun yana ƙullin zanena. Na karya rabi na ba ta. Ta yi shiru tana tsotsa, na gama shafina goma. Sai Inna ta kira a kawo ta ta sha fura.

Mu ba mu noma riɗi, ba mu sa shi a miya, ba ta taɓa ci ba sai ran nan. Da farko na ce ai riɗi abinci ne, ba zai yi haka ba. Amma abin da 'yar maƙwabta ta faɗa mini ran Salla, riɗi ne suka sa a taushen.

Sau nawa na buɗe baki. In na faɗi kantu, sai an ce daga ina. In na ce Ridwanu, sai an ce wane ne shi, me ke tsakaninku. In na ce littafi, Baba ya san ba na lakol ba ne, ya taɓa cewa duk ran da ya ga irinsu a gidansa murhu za su. Ni da ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Sai na ce bari jini ya faɗa, tunda kin ce inji zai tono.

Me ya sa bai tono ba? Ki sa su sake dubawa. Ki rubuto a takarda da hatimi cewa riɗi ne, kada ki sa sunana. Saura kwana goma sha biyar a saki gonaki.

Rabin kantun yana nan. Ba na iya ci, ba na iya yarwa.

Fadila

*

Yamai, 20 ga Disamba, 2010

Fadila,

Sallama. Muna lafiya. Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, tawa kuma da na bi takardar labo da ita ban san inda ta maƙale ba. Laifina ne da na bar takarda ta riga bayani isa. Wannan hannu da hannu na ba direban kar.

Na karanta taki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ban yi dariya ba.

Layi biyu na rubuta miki ran nan, kika ɗauki wanda ya yi miki daɗi. Koma ki duba na samansa. Na ce nonon saniya likita ya rubuta. Injin nan ba boka ba ne. Abin da aka ambata masa shi yake nema, ɗaya bayan ɗaya. An tambaye shi nono, ya amsa nono. Ba wanda ya tambaye shi riɗi, don mutum ɗaya ce a duniya ta san da riɗi, ita kuma tana bayan rumbu.

Ragowar ruwan jinin Mariyama yana cikin sanyi a wurinmu, ba sai an sake soka mata allura ba. Likita ya rubuta riɗi, gobe zai tafi. Amma mako uku ne, Fadila, ko fiye, ga hutun ƙarshen shekara. Kafin ya dawo an saki gonaki, su Jaye sun yi gaba. Kuma ko ya dawo, likita ya ce lamba kaɗai ba ta yanke hukunci, sai an haɗa da labarin abin da yaro ya ci da abin da ya biyo baya. Labarin yana bakinki.

Na kira wayar Baba ɗazu na sa aka ba Goggona, na ce kada riɗi ya kusanci yarinyar, ko kantu, ko mai, ko miyar gidan wani, kuma in numfashinta ya canja a ruga wajen majo, kada a tsaya hayaƙi. Wannan ba zan jira ki a kansa ba, rai ne. Ta ce me ya sa riɗi, na ce ta tambayi 'yarta.

Sauran na bar miki zuwa Juma'a. Bayan an sauko masallaci zan kira wayar Baba. In kin faɗa, gaisawa kawai za mu yi. In ba ki faɗa ba, ni zan faɗa, kuma daga bakina ya fi muni.

Kin iya rubuta shafi huɗu ba ki numfasa ba. Jimla uku kawai ake nema a wurinki.

Shi kuma mai kantu, ki tambayi ƙawayenki abin da suke tararwa cikin nasu ƙunshin.

Yayarki da ke sonki duk da haka,
Sakina

*

Gangara, 19 ga Janairu, 2011

Yaya Sakina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ya maigida? Mu duka lafiya. Mariyama ta yi kumatu. Kaka ta ce a ce miki ƙafa da sauƙi. Muryata ce kawai ta dushe, za ki ji dalili.

Na san Baba ya ce miki "an gama" a waya ya kashe. Ga yadda aka gama.

Wasiƙarki ta zo ran Laraba. Inna tana ta bina da ido. Ran Alhamis da safe na fito zan tafi lakol, na tarar Baba ya sauko da igiyoyin nan yana ɗaure su a bayan babur. Ba zai jira ƙarshen wata ba. Na tsaya. Ya ce, "Lafiya?" Na koma ɗaki da gudu na ɗauko littafin da rabin kantun, na ɗora su a kan sirdin babur. Ya dubi kantu, ya dubi hoton bangon littafin, ya dube ni.

Jimla ukun da na haddace duk suka gudu. Na ce, "Baba, ni na ba ta." Daga nan sauran suka fito a hargitse, ina kallon tayar babur.

Bai dake ni ba. Da ya dake ni da ya fi sauƙi. Sai ya ce, "Wata biyu, Fadila. Kina cin tuwo a gidan ga, kina ji ana cin naman matar nan." Ya kwance igiyoyin ya jefa zaure. Ya ce, "Ɗauko mayafinki."

A babur ya kai ni rugar su Jaye, can bayan fadama inda suke jira. Sun riga sun fara ɗaure kaya, wai za su gwada wajen Gidan Sori. Baba ya yi sallama, ya tsuguna, ni ban taɓa ganin ya tsuguna wa kowa ba. Ya ce, "Maimaita." Na maimaita gaban Jaye da Goggo Adama da 'ya'yansu. Jaye yana dogare da sanda, sai ya ce wa Baba, "Iro, ka sha ruwa." Suka koma gefe.

Goggo Adama ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce, "Ran nan na ga riɗi a bakin yarinya. Ni na share da zanena. Wa zai ce riɗi yana kashe mutum?" Ta ce, "Ke kuma na huda kunnenki don ki ji, ashe bakin ya kamata in huda." 'Ya'yanta suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "Baba naka ya gyara gona. Kasuwa fa, wa zai gyara? Kullum in kai nono in dawo da shi in ba maruƙa."

Na ce ban sani ba. Ta ce ita ta sani.

Da farko aka je wajen majo, kamar yadda likitanku ya ce a sake gwada mata nono a gabansa. Goggo Adama da kanta ta ba Mariyama nono a ludayi, kaɗan kaɗan, muna zaune har azahar. Ba abin da ya faru sai kuka da aka ɗauke ludayin. Kaka ta ce, "Ni dama ban ce ita ce ba, cewa na yi a bincika." Inna ta shige bayan mayafi kafaɗunta suna rawa don dariya.

Sannan sharaɗin Goggo Adama. Duk ranar kasuwa, da an tashi lakol, ni zan ɗauki ƙwaryarta daga bakin gari zuwa gindin bedi. Ni zan fara sha gaban mutane. Ni zan yi talla. Har sai masu saye sun dawo.

Yaya, ni. Talla.

Kasuwar farko na sha nonon, na buɗe baki, abin da ya fito ko ƙudan da ke kan faifai bai ji ba. Ga motar 'yan siyasa tana ta waƙa a kanmu. Goggo Adama ta mintsine ni a cinya ta ce, "Da ƙarfi! Lokacin da ana zagina da ƙarfi aka yi." Mata suka taru, ba don nono ba, don su ga 'yar Malam Iro mai sunkuyar da kai. Wata ta ce, "Ke, ba wannan nonon ne ya kumbura ƙanwarki ba?" Na ce, "A'a, riɗi ne, ni na ba ta." Ta ce, "Mi?" Na sake faɗa. Ran nan na faɗa ya fi sau talatin. Mutum biyu suka saya.

Takardarku ta biyu ta iso makon jiya, majo ya ce lambar riɗi ta hau sosai. Baba ya sa aka karanta a ƙofar masallaci. Amma ta tarar shanu sun kwana goma sha biyu a gonarmu.

Littattafai suna akwatin Baba da kwaɗo sai bayan jarrabawa, bai ƙona ba. Na tambayi ƙawata Fadimatu kamar yadda kika ce. Kowa yana samun kantu, Yaya. Matarsa ce ke yi. Na yi kuka kwana ɗaya, ban ma kai biyu ba, abin ya ba ni mamaki.

Jiya kasuwa ta huɗu. Kafin la'asar ƙwarya ta ƙare, har matar liman ta aiko aka ce babu. Goggo Adama ta kankare gindin ƙwaryar ta miƙo mini ludayin ƙarshe, ta ce, "To, kin biya. Mako mai zuwa ki zauna gida ki yi karatu." Na ce to. Da ta ɗora ƙwarya za ta tafi sai na ji bakina ya ce, "Goggo, in na gama karatun da wuri fa?" Ba ta juyo ba, amma na ga ta rage sauri.

Ki gaida Kawu da maigida, ki yi wa likitanku godiya. In kin zo hutu ranar kasuwa ce, ba sai kin tambayi inda nake ba. Tun daga tasha za ki ji ni.

Ƙanwarki,
Fadila